Jakar Goyo a Hanyar Gidan Gwaggo Hassi

Tun da muka dawo daga ƙauyen Gwaggo Hassi ban samu sakat ba. Matan da ke kawo mini ɗinki sun daina tambayar ranar da kayansu za su fito, sai dai, "Rakiya, wai da gaske da ƙafa kuka je?" A gidan suna ma haka. Har wata ta ce ta ji an ce a hannun jandarmomi muka kwana. Ba a hannunsu muka kwana ba. Don haka na zauna in rubuta abin yadda ya faru, kowane abu a wurinsa, wadda ta sake tambayata in miƙa mata, in ba ta iya karatu ba ɗiyarta ta karanta mata.

Zan fara da dalilin tafiyar.

Gwaggo Hassi ƙanwar babanmu ce, ita kaɗai ta rage mana a cikin manyan dangin uba. Lokacin da innarmu ta kwanta ciwo, ita ta ɗauki ƙanena Isuhu ta raine shi a ɗakinta. Isuhu ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya yi nisa, yanzu yana aiki a buro, ofishin wata ƙungiya a Yamai. Da mijin Gwaggo ya rasu bai zo gaisuwa ba. Ya yi magana a cikin waya ya turo, wani maƙwabci ya kunna wa tsohuwa ta saurara a tsakar gida, a gaban masu zaman makoki. Tun daga ranar ta ce ba ta da ɗa a Yamai. Na yi ta sintiri tsakanin Ƙonni da ƙauyen ina ba ta haƙuri, sai kwanan baya ta ce, "Kawo shi in gan shi." Ba ta ce ta yafe ba. Gwaggo ta tsufa ƙwarai, ni kuwa abin da nake tsoro shi ne ta koma ga Allah da fushin yaron nan a zuciyarta. Ke nan aikina guda ne: in kai shi gabanta cikin mutunci, ya durƙusa, a gama.

Ya zo da hutun lakwal na ƙarshen shekara, shi da matarsa da muke kira Madam, da yaransu biyu, Nafisa mai shekara goma da Bashiru mai bakwai. Ya zo da babbar mota kat-kat fara wadda ke iya kai mu har ƙofar gidan Gwaggo kafin shayi ya huce. Da yamma sai ya buɗe bayan motar ya fito da jakunkuna biyar, irin masu igiya biyu da ake goyawa a baya.

"Yaya, randone za mu yi," in ji shi.

Na ce mene ne kuma randone.

Ya ce lokacin da aka tura shi kwas ƙasar Turawa ya gani. Ranar Lahadi mutum zai bar motarsa a gida, ya kwashi iyalinsa su shiga duwatsu da ƙafa, ba don sun yi ɓatan akuya ba, don daɗi kawai. Kuma kowane yaro shi ke goya jakarsa, ba mai taɓa masa. Wai haka yaro ke koyon ɗaukar nauyin kansa. Ya ce za mu bar mota a Bazaga mu ƙarasa da ƙafa, mu kwana a hanya, yara su san ƙasar kakanninsu da tafin ƙafarsu.

Na ce, "Isuhu, gaisuwar mutuwa za mu, ba yawon buɗe ido ba."

Ya ce ai duk hanya ɗaya ce. Madam ta dubi jakunkunan, ta dube ni, ta ce ƙafarta na mata ciwo tun Dosso, ita a gida za ta jira mu. Ta fi mu wayo duka. Jakar da ya saya mini ja ce, na mayar masa. Na ce na gama goyo tun da autana ya yi ƙafa. Na ɗaure kayana a zane, turmin atamfa da sabulu da sukari na Gwaggo, na aza a ka kamar kowa.

Daga Ƙonni zuwa Bazaga babu abin faɗi, mota ce. Muka ajiye ta a gidan wani abokinsa malamin lakwal, wanda ya raka mu bakin gari yana ta tambaya ko injin ne ya lalace, don ya san makanike. A nan Isuhu ya tsai da yaran ya karanta musu doka. Ba a ba kowa jaka. Abin da ke cikin jakarka kai ke ɗaukarsa. In ka ga haɗari ka busa usur, don kowannensu an rataya masa usur a wuya. Ni ina son doka, duk wanda ya yi aiki a shagona ya sani. Amma doka ana duba garin da za a kai ta.

Ba mu yi nisa ba mai amalanken jaki ya cim mana, ya sauke wake a kasuwa yana komawa wayam. Ya tsaya ya ce mu hau, hanyarmu guda. Isuhu ya yi godiya ya ce tafiyar muke so.

Mutumin ya dube shi tun daga takalmi har hula. "Alhaji, ba kuɗi za ni amsa ba."

"Ba zancen kuɗi ba ne."

"To ku ba ni ɗiyan ko kayansu."

"Su za su ɗauki abinsu."

Ya juyo wurina ya rage murya. "Hajiya, lahiya dai?" Na ce lafiya lau. Ya kaɗa jakinsa yana waiwaye. Na san a lokacin cewa labarinmu ya hau amalanke ya riga mu.

Haka kuwa aka yi. A rijiyar ƙauye na gaba mata suka ajiye guga suka kewaye mu. Sun san ni, sun san Isuhu ɗan wane ne, sun kuma san mai aikin buro ba ya taka rairayi da yara niƙi-niƙi da kaya sai in wani abu ya same shi. Wata dattijuwa ta kama hannunsa ta ce, "Allah shi maida alheri, ɗana. Aikin Nasara daman haka shike, yau kana ciki gobe an kore ka." Ya yi ta rantsuwa ba a kore shi ba. Ta ce ta gane, kowa ma haka yake cewa. Kafin mu bar wurin an cusa wa Nafisa albasa da busasshiyar kuɓewa a jaka, don ita ce jakar da bakinta ya fi kusa. Bashiru kuwa aka miƙo masa kabewa, ya karɓa da hannu biyu yana murna, don bai taɓa ganin wadda ba a yanka ba.

Uban ya ce, "Ka karɓa, kai za ka ɗauka."

Yayin da ake tura kabewar cikin jaka, wata yarinya sa'ar Nafisa ta wuce mu da bokitin ruwa a ka, ƙaninta a baya, tana kora awaki uku da ƙafa. Ba wanda ya ce mata sannu. Isuhu kuwa ya ja da baya ya ɗauki hoton 'ya'yansa da waya, don ya tura wa abokan aikinsa su ga yadda yara ke ɗaukar nauyin kansu. Sai da ya jira yarinyar ta fita daga hoton.

Bayan azahar muka kai shingen jandarmomi, don hanyar tana bi ta kusa da iyaka. Babbansu Bazabarme ne, dogo, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Aikinsa ya yi, ban ga laifinsa ba: namiji da mace da yara biyu da jakunkuna, a ƙafa, suna fuskantar Najeriya. Ya karɓi katin Isuhu ya duba, ya ce yaran na wane ne. Isuhu ya juye zuwa Faransanci, ya yi masa bayani mai tsawo a kan tarbiyya. Jandarman ya saurara har ƙarshe, sannan ya koma Hausa.

"Kana da mota?"

"Ina da ita."

"Tana tafiya?"

"Lafiyarta lau."

"Akwai mai?"

"Cike take."

Ya kira ɗan'uwansa da ke kwance a benci ya ce ya taso ya ji. Aka sake bayanin daga farko. Sai suka ce a buɗe jakunkuna. A ta Bashiru aka fito da gorar ruwa, da biskit, da tocila, da rigar ruwan sama a watan da ko gajimare babu, da kabewa. Jandarman ya ɗaga kabewar ya auna a hannu, ya dubi yaron, ya dubi uban. Ya ce shi an biya shi ya yi tafiya da kaya a baya lokacin horo, kuma har yau bai yafe wa wanda ya sa shi ba. Ya ba yaran ruwan randa, ya ce mu tafi, in mun ga mai amalanke mu hau don Allah.

Daga nan tafiya ta zama ja. Bashiru ya fara tsayawa a kowace inuwa. Igiyar jaka ta ci masa kafaɗa, yana tafe yana shan majina, ba ya son ya yi kuka a gaban yayarsa. Na ce, "Isuhu, cire masa kabewar nan." Ya ce in aka karya doka sau ɗaya an gama. Na ce to ni ba a karanta mini dokar ba. Na zuge jakar na ciro kabewa na ɗora a kan ƙunshina. Isuhu ya yi gaba abinsa yana fushi har muka shiga garin Kawu Sa'idu, ɗan'uwan innarmu, inda za mu kwana, rana tana faɗuwa.

Masauki. Kawu ya sa an share ɗakin baƙi, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an kawo bargo. Isuhu ya ce sun zo da ɗakinsu. Ya zaro wani ƙunshin leda daga jakarsa, ya kafa shi a tsakar gida da ƙusoshi, ga ƙofa mai zik. Duk yaran unguwa suka hau katanga. Kawu ya zagaya abin sau biyu da carbi a hannu.

"Isuhu, ɗakin nawa ƙazanta gare shi?"

"A'a Kawu, don yara su saba ne."

"Su saba da mi? Gudun hijira za ku?"

Abinci kuwa ba laifi. Matar Kawu ta karɓi kabewar ta yi mana miya da ita a kan tuwon dawa, da man shanu. Isuhu ya fito da gwangwanin sardin da wani ɗan murhun gas kamar kofin shayi, ya ce a randone kowa ke dafa nasa. Yaran suka dubi sardin, suka dubi tuwo, suka matso kusa da ni. Bashiru ya ci har ya yi barci da hannu a kwano. Ni da su muka kwana a ɗakin baƙi. Da safe muka tarar da uban a zaure, lulluɓe da bargon Kawu. Sanyi ya kore shi, kuma awaki sun cinye igiyar ɗakin ledar ta gefe ɗaya, ɗakin ya kwanta a ƙasa kamar wanki.

Kafin mu tashi na ja shi gefe. Na ce, "Ka ji ni da kyau. In mun kai ƙofar Gwaggo, yara za su sheƙo su karɓi kaya. Ka bari su karɓa. Haka ake yi, kai ma ka sani." Ya ce ya ji. Amma ni ya gaya wa ya ji, bai gaya wa 'ya'yansa ba.

Mun isa da hantsi. Gari ya riga ya san an kori Isuhu daga aiki, an karɓe motar, matarsa ta gudu. Jikokin Gwaggo suka fito da gudu suna oyoyo, ɗaya ya sauke mini ƙunshi, biyu suka nufi yaran. Nafisa ta rungume igiyoyin jakarta ta ce, "Papa ya hana!" Wani ya kama jakar Bashiru ta baya yana dariya, shi kuwa ya tuna doka ta uku, ya sa usur a baki ya busa iyakar ƙarfinsa. Kaji suka watse. Yaran gida suka ja da baya suka tsaya cirko-cirko, ɗaya ya ce, "Ba sata za mu yi ba."

A kan haka Gwaggo ta fito, a duƙe, tana dogara sanda. Ba ta dubi Isuhu ba. Ni ta yi wa magana.

"Rakiya, waɗanga baƙi na, ko masu wucewa?"

"Baƙinki ne, Gwaggo."

"Ban ga alama ba. Kayansu na bisa bayansu. In ruwa suka so a ba su, su wuce."

Shi ke nan. Duk sintirin da na yi ya tafi a kan jaka. Isuhu ya durƙusa da tasa a baya kamar kunkuru, ya fara, "Gwaggo, abin da ya sa, a can ƙasar da na je, yaro tun yana ƙarami..."

Ta miƙa hannu. "Kawo."

Ya tsaya. Jakarsa ta fi ta kowa girma, da ɗakin leda da murhu da komai a ciki. Ya ce, "Gwaggo, da nauyi. Bari yara su..."

"Yaran da kunka busa ma usur? Ni za ka ba. Na goye ka kana zawo a bayana, ban ce da nauyi ba. Kawo."

Mutane sun cika ƙofar gida. In ya ba ta, ya ɗora wa tsohuwa kaya a gaban gari. In ya hana, ya hana ke nan har abada. Na ga gumi yana bin wuyansa. Ya zare hannu ɗaya, ya zare ɗayan, ya ajiye jakar a gabanta.

Ba ta iya ɗaga ta ba. Ta jingine sanda, ta kama igiya ɗaya da hannu biyu ta fara ja a ƙasa. Jikanta ya matso, ta daka masa tsawa. Na matso, ta harare ni. Haka ta ja ta tun daga bakin zaure har ɗakinta, tana tsayawa tana tari, tari mai tsawo da ban san ya kai haka ba, mu duka muna tsaye muna kallo. Isuhu yana durƙushe, bai ɗaga kai ba. Nafisa ta cire tata jakar a hankali ta miƙa wa yarinyar da ke kusa da ita. Bashiru ya ga haka ya cire tasa.

Da Gwaggo ta fito ta sa aka shimfiɗa tabarma. Ta zauna, ta huta, sannan ta dube shi karo na farko, ta kira shi da laƙabin Faransanci da ake kiran manyan ma'aikata da shi.

"To, Mushe. Ga ni, ba waya. Yi gaisuwar."

Ya yi. Ya matso gabanta a durƙushe. Ya yi wa mamaci addu'a, mutane suka amsa. Ita kuwa sai ta jawo Bashiru ta buɗe masa riga ta ga inda igiya ta ci. Ta sa aka kawo man kaɗe tana shafa masa tana cewa, "Maigidana, wa ya yi maka haka? Hwaɗa mini in kai shi gaban mai gari." Yaron ya nuna ubansa da baki. Aka yi dariya, ban da uban.

Washegari Isuhu ya same ni a bayan rumbu. Ya ce yana da taro a buro ranar Litinin, kuma makullin mota da wayarsa da katinsa duk suna cikin jakar. Na ce ya je ya tambaya. Ya je ya tsaya a bakin labule ya yi sallama.

Gwaggo ta ce daga ciki, "Baƙo ba shi ɗaukar kayanai da kanshi. Mai gida ka hiddo su, ranar da ya sallame shi."

"To yaushe, Gwaggo?"

Ta ce mamacin yana da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa, kuma babu wanda Isuhu ya gaisar. Ta lissafa masa gidajen. Rabinsu a nan, rabi a tsallaken iyaka, inda gonar wannan ke Nijar ta wancan ke Najeriya, tsakaninsu kan iyakar gona kawai. Ta ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, ba a shiga gida a fita ba a ci abinci ba. "An ce mini kana son tahiya da ƙahwa. Ga ta nan."

Ni ina da ɗinkin biki a shago, don haka na kwashi yaran muka hau amalanken mutumin nan na farko, wanda ya yi ta murmushi har Bazaga, daga nan muka shiga taksi. Yaran suka yi matashi da jakunkunansu suka yi barci. Madam ta tare mu a ƙofa ta ce ina Papa. Na ce yana randone.

Litinin ta zo ta wuce. Sai ranar Juma'a da la'asar na ji ƙarar kat-kat a ƙofar shago. Isuhu ya fito cikin wata tsohuwar riga mai faɗi da na gane ta mamacin ce, ya yi baƙi, leɓensa ya tsage. Ban jira ya gaishe ni ba. Na ce, "Ta yafe?"

Ya ce, "Ba ta faɗa ba."

Sai ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba. Gwaggo ce zaune, ta riƙe ƙunshinta a cinya da hannu biyu. Ashe da ta fito masa da jakar ta ce ya je Bazaga ya ɗauko motar ya kai ta likita a Ƙonni a duba mata tarin. Ni na yi ta roƙonta haka tun bara, ta ce ba ta shiga motar kowa.

Yanzu tana ɗakina, tana shan magani tana zagin girkina. Mai son gaishe ta ta zo bayan la'asar, kuma kada wadda ta yi mata zancen an kori Isuhu daga aiki, don ba a kore shi ba, takardar gargaɗi kawai aka ba shi.

Abu na ƙarshe, don in cika labarin. Da za ta sauko daga motar ranar, Isuhu ya miƙa hannu zai karɓi ƙunshin. Ta riƙe. Ta dube shi har na fara jin tsoro. Sannan ta saki.

"Kak ka jijjiga," in ji ta. "Da ƙwai a ciki."